Sunan Ƙarshe a Takardar Baba Gherasim

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Romaniya, ana ce masa Baba Gherasim. Tsohon soja ne. Yana saurayi aka kwashe shi zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo da ɗingishi da lambobin yabo guda uku. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyar, ya ga jikoki da tattaɓa-kunne, sannan Allah ya karɓi abinsa yana da shekara casa'in da huɗu.

Ba a taɓa buga ƙararrawar coci ranar Lahadi ya zauna a gida ba. Ko a zamanin 'yan gurguzu, lokacin da ibada kan raba mutum da aikinsa, bai fasa ba. Sun sauke shi daga shugabancin ma'aikatan gonar gwamnati, suka mai da shi mai kwashe kashin shanu. Ya kwashe, ranar Lahadi kuma ya wanke hannunsa ya tafi coci.

Kowane gida a nan yana da takardar mamatansa, wadda ake miƙa wa Fada, limamin coci, ya karanta sunayen ya yi musu addu'a. Ta Baba Gherasim akwai iyayensa, akwai matarsa, akwai wansa Zaharia da ya mutu a yaƙi. Can ƙasa kuma akwai wani suna da babu shi a dangi, sunan mutanen Rasha: Arkadi.

In aka tambaye shi, sai ya ce, "Ɗan'uwa ne," ya ja bakinsa. Masu tsegumi kuwa ba sa rasa abin faɗa. Suka ce ɗa ne ya haifa a can bakin daga, ya gudo ya bari.

Wannan magana ta daɗe tana ci wa babban ɗansa Octavian tuwo a ƙwarya. Shi babban ma'aikaci ne a birni kafin ya yi ritaya, mutum ne mai son a san da zamansa. Lambobin da uban ya jefa cikin gwangwanin ƙusoshi, shi ya tono su, ya goge, ya sa a gilashi ya rataye a falonsa.

Da ranar addu'ar arba'in ta zo, sai ya gayyato abokansa daga birni, har da tsofaffin hafsoshi biyu. So yake a tuna da ubansa a matsayin jarumi, ba tare da wani tabo ba.

Da safe ya zauna a kicin yana kwafe sunayen a sabuwar takarda don ya ƙara na mahaifinsa. Gwaggonsa Profira, ƙanwar marigayin, tana gefe tana yi wa koliva ado, dafaffiyar alkamar nan mai zuma da ake raba wa mutane sadaka. Ta haura tamanin, amma idonta garau. Ta leƙa takardar.

"Tavi, ka manta ɗaya."

"Ban manta ba, Gwaggo. Cire shi na yi."

"Wa ya ba ka iznin cirewa?"

"Ni ne babba a gidan nan yanzu. 'Yan Rasha ne suka kashe Baffa Zaharia, sannan in haɗa sunan ɗansu da nasa a takarda ɗaya? Ga baƙi na gayyato. So kike a yi mana dariya?"

"Kai dai tun kana cikin tsumma kake tsoron dariya," in ji ta. "Shekara sittin da uku, har yau ba ka warke ba."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ita kuma ta ci gaba da aikinta.

Coci ta cika maƙil, kowa riƙe da kyandir. Fada Ilarion ya karɓi takardar ya fara karantawa a hankali, suna bayan suna. Ya zo kan Zaharia, ya zo kan Gherasim, sai takardar ta ƙare. Ya juya bayanta ko akwai saura.

Abin da Octavian bai yi lissafi da shi ba shi ne kunnen mutanen ƙauye. Tun suna yara suke jin jerin nan, sun haddace shi kamar waƙar reno. Daga bayan coci wata tsohuwa ta ce, "Da Arkadi." Wasu suka amsa, maza da mata, "Da Arkadi."

Fada ya dubi Octavian ta saman tabarau, sannan ya ce, "Da bawanka Arkadi, ya Ubangiji."

Ɗaya daga cikin hafsoshin ya zunguri Octavian. "Wane ne kuma Arkadi? Ba ka taɓa gaya mana kuna da ɗan Rasha a gida ba."

Kunya ta kama Octavian kamar ya nutse. Dariyar da yake gudu, shi ya jawo ta da hannunsa.

Da aka je maƙabarta, aka zuba ruwan inabi a kan kabari, sai ya ja gwaggonsa gefe.

"Gwaggo, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Ɗan Baba ne?"

"Ɗansa? Ai babanka ne ya kashe shi."

Ta zauna a kan benci, ta nuna masa gefenta, ya zauna.

"Mako uku da kashe Zaharia abin ya faru," ta ce. "Babanka ya rantse duk ɗan Rashan da ya gani sai ya aika shi lahira. Wata safiya, cikin ƙanƙara, wani soja ya fito daga bayan garke, shi kuwa ya ɗirka masa harsashi. Da ya matsa kusa sai ya ga ba bindiga a hannunsa. Bokiti ne. Ruwa ya je ɗiba."

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"Bai mutu nan take ba. Ya yi alamar gicciye, irin tamu sak. Ya riƙe hannun babanka, yana nuna ƙirjinsa yana cewa Arkadi, Arkadi. Ba sa jin yaren juna, amma babanka ya gane. So yake a samu mai kiran sunansa a gaban Allah. Babanka ya ce mini, 'Profira, uwarsa ba ta san inda ya faɗi ba, ko kabari ba shi da shi. Tunda ni na raba shi da danginsa, ni ne danginsa yanzu.' Shekara saba'in da biyu bai tsallake shi ko sau ɗaya ba."

"Aka yi ta zaginsa cewa ya haifi ɗan shege, ya yi shiru?"

"Ya ce gara a zage shi da abin da bai yi ba, tunda an yaba masa a kan abin da ya yi."

"To ni me ya sa bai faɗa mini ba?"

"Me kake tambayarsa? Tun kana ɗan shekara bakwai tambayarka ɗaya ce: Baba, mutum nawa ka kashe?"

Nan Octavian ya tuna. Duk ranar da ya yi wannan tambaya, uban kan tashi ya fita wajen amyar zumarsa, ya daɗe bai dawo ba. Shi kuma ya ɗauka ƙanƙan da kai ne irin na jarumai. Hawaye ya zubo masa, bai damu da wa ke kallo ba.

Gwaggo Profira ta kwance bakin hankicinta, ta fito da wani ɗan gicciyen ƙarfe da ya yi baƙi don tsufa.

"Na Arkadi ne. Kwana biyu kafin babanka ya cika ya ba ni. Ya ce in ba ka ranar da ka tambaya don kana son ji. Ya ce idan ka ƙi, to sunan ya mutu tare da shi, don ba wanda ya rage."

Octavian ya miƙe ya nufi Fada Ilarion. Ya roƙi takardar, ya ari biro, ya durƙusa a bakin kabarin ya ɗora ta a kan gwiwarsa. Ƙarƙashin Gherasim ya rubuta Arkadi.

"Fada, ka yi haƙuri, a sake karantawa. Na yi mantuwar da ba mantuwa ba."

Aka sake karantawa daga farko har ƙarshe. Da aka fara raba koliva, hafsan nan ya matso ya ce, "Har yanzu fa ba ka ba ni amsa ba."

Octavian ya damƙe ɗan gicciyen a tafinsa, ya ce, "Ɗan'uwanmu ne."

Darasi: Kada ka goge abin da dattijo ya riƙe shekara da shekaru don kawai ba ka san dalilinsa ba. Tambayi na gaba da kai tun yana raye, kuma ka tambaya da niyyar saurare. Girman mutum ba a lambar yabo yake ba, yana cikin amanar da ya riƙe tsakaninsa da Allah, ko da ta maƙiyinsa ce. In labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura wa wanda har yanzu yake da tsoho a gida.