Ciyaman Kura da Ledar Gona

Ga ta nan, ga ta nanku, jikoki.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Dabbobi ne suka zaɓi Kura ciyaman ɗin ƙaramar hukuma, ita kuma ta naɗa Ungulu duba-gari. Da bazara aka yi ta kai sharar gari gonaki don taki, leda ta cika ko'ina.

Ɗan Akuya ya haɗiyi leda, ciki ya kumbura. Akuya ta ruga wajen Kura ta durƙusa: "Ranki ya daɗe, a sa a tsince ledar nan. 'Ya'yanmu na mutuwa."

Kura ta lashi baki ta ce, "Ungulu, kin ga wata leda?"

Ungulu ta ce, "Ni dai daga sama komai tsaf nake gani."

Kafin Akuya ta koma, ɗanta ya cika. Kura ta ce hukuma za ta binciki gawar. Ta ja ta ɗaki, ta cinye har tumbi.

Ba a daɗe ba cikin Kura ya ɗaure, tana nishi. Ta ɗaga kai, sai ga Ungulu a kan katanga ta zuba mata ido.

Kura ta ce, "Me kike jira?"

Ungulu ta gyara fiffike ta ce, "Ranki ya daɗe, yanzu kam na ga ledar."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tatsuniya ta koma inda ta fito.