Tsumman Ƙafar Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta!

To, mai gyangyaɗi ya gyara zama, don ba zan maimaita ba.

Kurege ne dai, manomin baka. In ana hira a dandali, babu gonar da bai nome ba. Amma ranar gayya, ranar da ake jeruwa kowa da kunyarsa a ga wanda zai riga kaiwa ƙarshe, sai ka gan shi ya ɗaure ƙafa da tsumma yana ɗingishi. Ya zauna a inuwa, ya sha furar manoma, yana gyara wa mutane riƙon hauya. Ba lalaci ne kaɗai ba, tsoro ne. Tsoro yake ya shiga a wuce shi, a yi masa dariya. Shi a ganinsa duk garin ranar nan suke jira. In biyu suka yi raɗa, da shi ake. In wani ya yi tari, da shi ake.

Ana nan, ana nan, sai Baba Kunkuru ya kira gayya a gonarsa. Ya ce wanda ya riga kowa, kwandon gyaɗa nasa ne, wanda kuma bai riƙe hauya ba, ko ludayi ba zai lasa ba.

Kurege ya ce a ransa, “Kun ji ko? Don ni aka tsiro da wannan.” Ya so ya ƙi zuwa, amma gyaɗa ce fa. Ya kwanta, gyaɗa. Ya tashi, gyaɗa.

Ana gobe gayya, da rana tsaka kowa na hutawa, ya lallaɓa gonar. Ya haƙa rami daga farkon kunyar gefe, ya bi ƙarƙashin ƙasa, ya ɓulla a ƙarshenta. Ya rufe bakin da ganye, ya koma gida yana waige.

Gari ya waye aka taru. Ga Gafiya mai damtse, wadda ta saba cinye gayya. Ga Bushiya ’yar ƙarama, wadda kullum ita ce ta ƙarshe, kuma kullum sai ta shiga. Ga Kurege da tsummansa, don ko an wuce shi a ce ƙafa ce.

Bushiya ta ce, “Sannu, Yaya Kurege. Bara ba ta hagu ce ke ciwo ba?”

Ya ce, “Ciwon yawo yake. Wa ya aiko ki ki tambaye ni?”

“Babu kowa.”

“Haka ’yan aike ke cewa.”

Kwaɗo makaɗi ya buga gangar noma, kowa ya duƙa. Kurege, da ya kama kunyar gefe, ya yi sara ɗaya, ya faki ido, sai zuruf cikin rami. Ya bi, ya bi, ya ɓulla a ƙarshen kunya, ya ɗaga hauya sama.

“Na iso! A kawo gyaɗa!”

Ganga ta tsaya. Baba Kunkuru ya miƙa wuya, ya dubi Kurege, ya dubi kunyar. Ciyawa tana nan tsaye kore shar, har tana kaɗawa. Shi gogan naku, da yake bai taɓa shiga gayya ba sai daga inuwa, ya manta ba manomi ake dubawa ba, kunya ake dubawa.

Baba Kunkuru ya ce, “Ɗana, kai ka iso. Noman fa?”

Kurege ya waiga, ya ga ciyawa tsaye. Amma bakinsa bai taɓa barinsa a hanya ba. Ya ce, “Baba, zuwa na yi in duba ko an tsawaita mini kunya, don ban yarda da mutanen nan ba. Na ga daidai take. Gyaɗar kuwa cewa na yi a kawo ta kusa, kada a rage.”

“To madalla. Koma ka fara. Kwaɗo, buga!”

Kurege ya koma da gudu, ya manta da ɗingishi. Ga Gafiya ta yi nisa, ga ido duk a kansa, ga rami an gani, babu wurin ɓuya. Ya ce, “To, dariyar da za a yi, a yi ta yau.” Ya duƙa.

Ya sara, ya ja. Ya sara, ya ja. Tsumma ya harɗe shi, ya fizge ya yar. Ya wuce Bushiya, ta ce, “Allah ya ƙara lafiya!” Bai ko tsaya zarginta ba. Ƙasa na tashi, gumi na zuba, Kwaɗo ya juya kiɗa yana kiran sunansa. Ya wuce wannan, ya wuce wancan, ya kamo Gafiya. Kafaɗa da kafaɗa, kafaɗa da kafaɗa, sai Gafiya ta yi saran ƙarshe, shi hauyarsa na sama.

Ya zube yana haki, ya rufe ido yana jiran dariya. Shiru. Da ya buɗe, sai ya ga Bushiya ta iso ta ƙarshe kamar kullum, ta ɗauki ludayi tana shan fura hankali kwance, babu wanda ya ko kalle ta.

Gafiya ta zo da kwandonta, ta damƙa masa gyaɗa cikin hannu. Ta ce, “Kurege, da ka fara tare da mu, da ko ƙurarka ban gani ba. Ashe shekarun nan duk gyaɗarka nake ci.”

Wannan magana ta fi dariya ciwo. Ya tuna gayyar bara, da ta bara waccan, da duk waɗanda ya yi a inuwa. Hawaye ya zo masa. Ya miƙe ya ce, “Na sani! Na sani akwai mai cutata a garin nan!”

Jama’a suka shiga kallon juna. Shi kuwa ya bi kunyarsa, ya tsinci tsumman, ya ɗaga shi sama.

“Ga ɓarawon. Ina ta zargin gari, ashe yana ɗaure a ƙafata.”

Ya cusa shi cikin ramin, ya tura ƙasa, ya tattake. Shi ya sa har yau in kurege ya haƙa rami sai ya miƙe tsaye ya duba hagu da dama, kada tsumman ya biyo shi.

Ƙurunƙus, na sauke ta nan. Wanda zai yi ciwon ƙarya ya riƙa tuna wace ƙafa ce, wanda kuma ke son gyaɗa ya duƙa tun bugun ganga na farko.