Jinkar da Ta Koma Faifai

Yau kwana shida ke nan ina juya wata magana a raina, har tuwon jiya ya kama tukunya ina zaune a gabansa. Matan zumunta na cocinmu sun zaɓe ni shugabarsu. Sun yi guɗa, sun rungume ni, ni kuwa na ce su ba ni lokaci. Karatuna bai wuce firamare ba. Abin da na iya shi ne wanda na shekara tara ina yi: Lahadi da sassafe in bi gida gida in tattaro yara zuwa makarantar Lahadi, in share hancin wannan, in nemo wa wancan takalminsa. Shugabannin zumunta kuwa a daidai lokacin nan suke yin taronsu. In na karɓi wannan, dole in saki wancan.

Ana cikin haka 'yata Ketura ta zo hutu daga makarantar koyon jinya. Ta ce, "Mama, kin san jikinmu cike yake da 'yan ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani? Ƙwayoyin halitta ake ce musu. A cikin kowace ƙwaya akwai zaruruwa da suka sarƙe kamar raga, su suke riƙe ta da siffarta. Ba don su ba da ta langaɓe."

Na ce, "To, ai tanka ke nan." Ta yi ta dariya, ta ce in ba yara labarin. Ga shi.

Akwai wani mutum, manomi, wanda 'yarsa za ta dawo gida haihuwar fari. Murna ta cika shi. Ya gina mata ɗaki da hannunsa, saura jinka, ga damina ta ƙarato. Ya tafi har bakin fadama ya yanko ciyawar baibaya, doguwa, mai sheƙi, irin wadda mai wucewa zai tsaya ya kalla. Ya kafa gorori a ƙasa ya haɗa kawunansu.

Saura tanka, wato zoben kara da ake zagayawa ta ciki, ana ɗaure shi da kowace gora don jinka ta tsaya da ƙarfinta. Nan ne ya ga aiki zai ja shi. Ya ce a ransa, wa yake shiga ɗaki ya ƙirga tanka? Ya sa guda biyu kawai, ya rufe da ciyawa.

Matarsa tana gindin bishiya tana tuƙa igiyar rama a cinyarta. Ta ɗaga kai ta ce, "Maigida, biyu kaɗai?"

Ya ce, "Ke dai ji da kunun gayya. Ciyawar nan ko a birni sai an tambayi mai ita."

Ta ci gaba da tuƙa igiyarta.

Ranar ɗaukar jinka maƙwabta suka taru. Maza suka kewaye ta, aka ce, "Ɗaya, biyu, hap!" Suka ɗaga. Ba su yi taku uku ba sai gorori suka buɗe, ƙoƙuwar ta nutse, jinka ta baje a kansu. Mutum goma suka fito daga ƙarƙashi da ciyawa a gashi da gemu.

Taubashinsa, wanda ba ya raga masa, ya karkaɗe hula ya ce, "Ashe faifai ka kira mu ɗauka! Da ka faɗa, da na aiko matata ita kaɗai."

Dariya ta ɓarke har a bayan danga. Mutumin ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi gabas, hadari yana haɗuwa, jibi kuma yarinya za ta iso da tsohon ciki. Ina zai sa ta?

Sai ga matarsa da kwando a ka. Ta sauke a tsakiyarsu, cike da igiya, damin kara kuma yana jingine a bayan rumbu tun makon jiya. Ta ce, "Ga shi. Kunu ba ya gudu, ku fara da wannan."

Aka yaye ciyawa, kowa ya kama gora ɗaya. Aka zagaya tanka bakwai, ana ɗauri ana waƙa, ana tsokanar maigida, shi ma har ya saki jiki yana dariyar kansa. Da suka sake ɗagawa, jinka ta tashi cak, ta zauna a kan bango daram. Mata suka rangaɗa guɗa. Da yamma ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai shiga ba. A ɗakin nan aka haifi jikansa. Baƙi suna cewa, "Kai, wannan ciyawa da kyau take!" Shi kuwa sai ya kama hannunsu ya ce, "Ku shigo ku duba ta ciki."

Ma'anar wannan misali ita ce: ciyawa ita ce aikin da kowa yake gani ya yaba. Tanka da igiya su ne masu hidimar da ba a kiran sunansu, mai shara, mai gaida marar lafiya, mai sulhunta maƙwabta. Ubangiji da ya saƙa zare a cikin ƙwayar da ba a gani, bai manta da su ba. Yara, kada ku rena aikin da ba a tafa masa.

Da na rubuta wannan sai na ce shi ke nan, ni igiya ce, in zauna inda nake. Amma Ketura ta karanta ta ce, "Mama, ban gama gaya miki ba. Zaruruwan nan ba a wuri ɗaya suke dawwama ba. In ƙwayar za ta motsa, sai su kwance a nan, su sake ɗauruwa a can."

Kun ji yadda yarinyar nan ta sake dagula mini lissafi, tana dariya kuma. Ran Laraba mata za su zo jin amsa. 'Yan'uwa, ku da kuka fi ni sani, in karɓa ne, ko in ce su nemi wata? In kuma na karɓa, wace ce a cikinku za ta je ƙofar yaran nan ran Lahadi da safe?