Ranar da Talo-talo Ya Kori Uwale Dillaliya

An yi wata budurwa a Funtuwa, a wannan zamani namu na wayar hannu, ana ce mata Lantana. Sana'arta dillanci ce, sai dai ba ta ɗaukar ƙunshi a ka. Masu sayar da kaya ta intanet ne ke ba ta linki nata na kanta, ita kuma ta yi ta tallar kayansu a shafukanta, su fitilar sola da injin markaɗe da tukwanen girki. Duk wanda ya bi ta linkin nan ya saya, sai a ba ta la'ada. Ta yi wata takwas tana wannan aiki ba ta sayar da ko cokali ba, sannan Allah ya buɗa mata. Da ƙawayenta suka ga haka suka roƙe ta ta koya musu. Ta buɗe musu zaure a waya, su goma sha ɗaya, suka naɗa ta shugaba. In ta yi magana sukan amsa da "ranki ya daɗe" cikin raha, ita kuwa abin yana yi mata daɗi, ko da yake ba ta faɗa.

Wata rana da hantsi ta nufi gidan kakarta, Iya Tabawa, tana tafe kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, domin masu fitilun sola sun sa ta cikin gwanayen dillalansu, har sun aiko mata da kyautar fitila. Iya Tabawa kuwa tsohuwar dillaliya ce, ta shekara talatin tana shiga gida-gida da kayan mutane kafin gwiwa ta zaunar da ita. Lantana ta same ta a tsakar gida tana tsinkar zogale, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye mata fitilar. Tsohuwa ta juya ta, ta kunna ta duk da hasken rana, ta yi dariya, ta sa albarka mai yawa. Sannan ta tambayi labarin Tasalla, aminiyar Lantana tun suna firamare, ta ce kwana biyu ba ta ga ƙeyarta ba.

Nan fara'ar Lantana ta ragu. Ta ce Tasalla ta yi wata biyar ba ta sayar da komai ba, kuma da safen nan ta aiko mata cewa ta haƙura, wayar ma sayar da ita za ta yi. Ba ita kaɗai ba, mutum shida a zauren sun yi tsit, ko sallama ba sa amsawa. Don haka ta yanke shawara yau za ta cire su duka, kada su kashe wa sauran gwiwa.

"Iya, na yi iyakar ƙoƙarina," in ji ta. "Duk la'adar da ta shigo mini sai na ɗauki hotonta na tura musu, don su ga abin nan gaskiya ne. Goya su kuma zan yi?"

Iya ta tura mata faifan zogale ta ce ta ajiye wayar ta kama tsinka. Ta ce, "Kafin ki cire kowa, ina so ki ji abin da ya shiga tsakanin Uwale dillaliya da ƙawarta Ladidi, har talo-talo ya shirya su."

Lantana ta ce, "Talo-talo kuma, Iya? Yaya aka yi?"

Iya Tabawa ta ce:

Lokacin da nake aure a Malumfashi, akwai wata dillaliyar zannuwa, Uwale, doguwa mai murya, wadda in ta yi sallama a ƙofar gida har maƙwabta sai sun amsa. Mukan karɓi kaya a wurin mai shago guda, mu bazu cikin gari, da la'asar mu dawo mu zauna a soronsa. To, Uwale ba ta ba da labarin kowane gida sai wanda ya saya. Kullum ka ji ta, gidan wane sun ɗauki biyu, gidan wance sun ce ta kawo ƙari.

Tana da ƙawa, Ladidi, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Uwale ce ta jawo ta cikin sana'ar, ta tsaya mata wurin mai shago. Ladidi ta yi wata uku tana yawo, ƙunshin da ta fita da shi da safe shi take dawowa da shi. Da tausayi ya kama Uwale, sai ta haɗa baki da wata maƙwabciyarta ta kira Ladidi ta sayi zane ɗaya, alhali Uwale ce mai sayen. Ranar Ladidi ta zo soro tana murna har da rawa. Bayan mako guda ta shiga gidan Uwale neman gishiri, sai ga zanen a shanye a igiya. Nan take ta gane shi. Ta juya, ta mayar wa mai shago ƙunshinsa, ta shige ɗaki, ko a hanya suka haɗu sai ta sunkuyar da kai.

Uwale ta ji haushi ƙwarai, don a ganinta alheri ta yi aka saka mata da gaba. Ta kai ƙara wurin Malam Ɗantani, wani tsohon dillalin shanu da ke zama ƙarƙashin durumi a bakin layinsu yana tufkar igiya. Ya saurare ta har ta gama. Ya ce, "Niyyarki mai kyau ce, 'yata, amma daga nesa kika jefa mata. Ba ki ji yadda Barau ya yi da Mati mai i'ina ba?" Ta ce ba ta ji ba.

Malam Ɗantani ya ce:

A kararmu ta shanu an yi wasu abokai biyu. Barau bakinsa kamar an shafa masa mai, yakan haɗa mai saye da mai sayarwa kafin su gama gaisawa. Mati kuwa i'ina gare shi, kafin ya fitar da kalma ɗaya wani dillalin ya ja mai sayen ya tafi. Kasuwa bakwai a jere bai tafa ciniki ba. Ya ce wa Barau zai koma ƙauye. Barau bai ce masa ya yi haƙuri ba, don ya san kowa ya riga ya faɗa masa haka. Ya roƙe shi kasuwa uku kawai. A kasuwannin nan uku Barau ya bar nasa cinikin, ya tsaya a bayan Mati da sanda a kafaɗa, yana kallo, bai sa baki ba.

Abin da ya gani shi ne, Mati ba ya iya yabon shanu. Da zarar an nuna masa dabba sai ya buɗe bakinta ya duba haƙori, ya ɗaga kofato, ya shafa doro, sannan a hankali ya faɗi aibinta a gaban kowa. Mahauta da masu sayen na biki ba su da lokacin wannan. Amma can gefen kara akwai manoma masu neman shanun huɗa, mutanen da in suka sayi gurgun sa damina ta wuce su ke nan. Barau ya kama hannun Mati ya kai shi wurinsu, ya ce, ga wanda ba zai ɓoye muku komai ba. Su kuwa manoma ba sa gaggawa, suka jira shi ya gama maganarsa. Kafin shekara ta zagayo, babu manomin da ke kwance igiyar sa sai Mati ya duba bakinsa.

Malam Ɗantani ya ɗago kai ya ce wa Uwale, "Ni daga nan ban san abin da ke damun ƙawarki ba, ke ma ba ki sani ba. Barau sai da ya tsaya a rana kasuwa uku kafin ya sani. Je ki ku yi yawo tare."

Washegari Uwale ta je ƙofar Ladidi da ƙunshi biyu, ta ce wuyanta ke ciwo, tana neman wadda za ta taya ta ɗauka. Ladidi ta san ƙarya ce, amma kunya ta hana ta ƙi. Suka fita.

Gidan farko, tun daga zaure aka ce musu ba yau ba. Gida na biyu matan suka baje zannuwan duka a tabarma, suka ɗaura wannan suka kwance wancan har rana ta take, sannan suka ce duk kalar tsofaffi ce. A na uku wata tsohuwa ta fito da zanen da ta saya bara, ta ce ya zuba, ta wanke Uwale tas a gaban yara. Haka suka yi ta shiga suna fita har gida shida, Ladidi tana biye tana zare ido. Da suka shiga na bakwai, Uwale ta buɗe murya ta yi sallama, sai wani ƙaton talo-talo ya taso daga bayan rumbu, ya baje jela, wuyansa ja wur, ya yo kanta. Uwale ta saki ƙunshi, ɗankwali ya yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma, ta zagaye rijiya sau biyu tana kiran masu gida, talo-talo na bin ta yana saran gefen zanenta.

Ladidi ta yi dariya har ta zauna a kan turmin mutane tana share hawaye. Rabonta da dariya irin wannan tun kafin rasuwar mijinta. Da suka fito suka zauna a inuwar katanga, Uwale na haki da takalmi ɗaya, sai Ladidi ta dube ta ta ce, "Ashe ke ma ana ƙin ki?"

Uwale ta ce, "Kullum. Gidan farkon nan tun daminar bara suke ce mini ba yau ba, kuma duk Talata sai na koma."

Ladidi ta ce ita in aka ƙi ta sau ɗaya ba ta sake taka gidan, don ta ɗauka wani abu ne a jikinta, tunda Uwale duk inda ta shiga saye ake yi. Nan Uwale ta gane ɓarnar da bakinta ya yi a soro. A gida na takwas aka sayi zane ɗaya, suka koma suna ta dariyar talo-talo.

Da safe Ladidi ta je ta karɓo ƙunshinta. Sai da ta ƙara mako shida kafin ta yi cinikin farko na gaskiya, amma ba ta sake zancen bari ba. Gidan talo-talon nan ma ita ce daga baya ta zama dillaliyarsu, don takan ƙulla 'yar dawa a bakin zane, ta watsa masa tun daga zaure ta wuce abinta.

Iya Tabawa ta karkaɗe hannu ta dubi jikarta. Ta ce, "Ke kin nuna wa 'yan zaurenki gida na takwas. A cikinsu wa ya taɓa ganin bakwai ɗin?"

Lantana ta ajiye zogalen da ke hannunta. Ta tuna watanni takwas ɗin nan. Ta tuna wani mutum da ya kwana uku yana yi mata tambayoyi a kan injin markaɗe, ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya gode mata ya ce ya saya a kasuwa. Ranar ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito ta wanke fuska, ba ta gaya wa kowa ba, har Tasalla. Ko a makon nan ma, mutane da yawa sun buɗe linkinta sun duba sun wuce, ita kuwa hoton wanda ya saya kaɗai ta tura.

Ta ce, "Iya, na ji, kuma na karɓa. Ni ce Uwale a soro. Ba zan cire kowa ba."

Iya ta ce to ta tashi tun rana ba ta yi zafi ba, zogalen ita za ta ƙarasa.

Lantana ta sami Tasalla tana wanki a bakin famfo. Ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta buɗe shafinta na dillanci ta miƙa mata, ta ce ta koma baya ta duba tun daga watan farko. Tasalla ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta yi ta ja da yatsa, wata bayan wata, babu ciniki ko ɗaya. Ta ɗago ta kalli Lantana, ta sake kallon wayar. Lantana ta ba ta labarin mutumin injin markaɗe, har da kukan. Tasalla ta fara murmushi, ta ce ita nata ya fi wannan, wata mata ce ta sa ta turo hoton tukunya ta gaba da ta baya da ta ƙasa, sannan ta ce dama so take ta nuna wa maƙeri ya ƙera mata irinta. Suka yi dariya har kumfar wanki ta kwanta. Daga nan suka zauna suka duba tallace-tallacen Tasalla ɗaya bayan ɗaya, suka gyara abin da ke buƙatar gyara.

Da yamma Lantana ta rubuta labarin watanninta takwas a zaure, ba ta rage komai ba. Waɗanda suka yi tsit suka fara fitowa, kowace da nata abin kunyar. Suka ware ranar Laraba ta zama ranar faɗin wanda ya ƙi ka, kuma ta zama ranar da zauren ya fi cika. Mutum biyu dai sun bar sana'ar duk da haka, ɗaya ta koma ɗinki, ɗaya ta tafi karatu, aka rabu da su lafiya.

Tasalla ba ta sayar da wayarta ba. Bayan mako biyar wata malamar makaranta a Bakori ta bi ta linkinta ta sayi tukunya. Da ƙafarta Tasalla ta zo gidan Iya Tabawa ta kawo albishir, Lantana na biye da ita. Tsohuwa ta sa mata albarka, sannan ta tambaye ta mutum nawa suka ƙi ta a makon. Tasalla ta ce goma sha huɗu, kuma tana faɗa tana dariya.