Ranar da Gwajin Mota Ya Kai Misbahu Ƙofar Iya

Akwai wani ma'aikacin gwamnati a Dutse mai suna Misbahu, yana zaune a Yalwawa da matarsa Raihana. Mutum ne mai son a gan shi fes. Yana da wata ƙaramar mota mai sheƙi, wadda ko kaza ce ta gifta kusa da ita sai ya fito da tsumma.

Misbahu maraya ne tun yana rarrafe. Ƙanwar mahaifinsa, Ikilima, wadda kowa ke kira Iya, ita ta goya shi a Garin Mailafiya, wani ƙauye can bayan Kiyawa. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta tsaya masa har ya zama mutum. Yanzu ta tsufa, idonta ya yi yana, sai ta shafa abu take gane shi.

Shi kuwa gogan naku ya daɗe bai taka garin ba. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. In Iya ta sa an kira mata shi a waya, amsarsa ɗaya ce.

"Iya, hanyar ce. Motata ba za ta iya yashin nan ba."

"Haka ne, ɗan nan," in ji ta. "Kada ka lalata abin hawanka."

Ana nan sai wani sabon yayi ya shigo majalisarsu Misbahu. Kowa sai ya nemi tsohuwar jif, irin ta malaman gona na da, ya gyara ta, ya hau duwatsu ranar Asabar a ɗauke shi hoto. Misbahu ya kasa zaune ya kasa tsaye, shi ma sai ya sayi mota ta biyu.

"Ina za ka da mota biyu?" Raihana ta tambaye shi.

"Ke ba za ki gane ba. Wannan ta shiga daji ce."

"To madalla. Ka ga sai Iya ta gan ka."

Ya yi kamar bai ji ba, ya ɗauki hularsa ya fita.

Wani dillali mai suna Kamilu ya kawo masa wata koriya. Fentinta ya koɗe, kujerunta tauri kamar benci, amma injinta lafiya lau. Misbahu ya zagaye ta yana taɓe baki, ya ce shi ba a kwalta zai gwada ta ba, a kai shi hanyar da ta fi kowace muni.

"Ranka ya daɗe, akwai wadda nake bi in zan sayo riɗi," in ji Kamilu. "In ta fita a can, ko ina ma za ta fita."

Misbahu ya kama sitiyari, Kamilu yana gefe yana nuna hanya. Suka wuce Kiyawa, suka sauka daga kwalta. Jif ta shiga yashi tana gurnani, ta faɗa kwari ta fito, Misbahu sai dariya yake yana dukan sitiyari. Sai da suka zo wata kuka mai rassa biyu dariyar ta ɗauke. A gindin kukar nan yake hutawa yana yaro in ya ɗauko wa Iya itace.

"Kamilu, mu juya haka."

"Haba ranka ya daɗe, tsoro ka ji? Ai ko ka so ma babu wurin juyawa. Dawa ce dama da hagu, sai mun kai tsamiyar ƙofar gari."

Gaskiya ya faɗa. Misbahu ya ja hula ya rufe goshi, yana fatan ya juya da sauri ya fice ba wanda ya gane shi. Amma tsohuwar jif ba ta da baƙin gilashi, kuma ƙararta ta riga ta sanar da gari. Kafin ya sa giyar baya, dattawan da ke zaune a gindin tsamiya sun miƙe.

"Wa nake gani kamar Misbahun Iya?"

Nan da nan wuri ya cika. Aka riƙo hannun Iya aka fito da ita, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Misbahu ya sauko ya durƙusa, ba goro a hannunsa, ba sabulu, ba komai. Ta shafa kansa, ta shafa fuskarsa, sannan ta miƙa hannu ta shafa tayar motar da ta kai mata kusan ƙugu. Ta juya wajen jama'a.

"Ba na gaya muku ba? Hanya ce ta hana shi. Ga shi ya sayo babba takanas don ya zo gare ni."

Kamilu ya buɗe baki zai ce gwaji ne. Ya kalli fuskar Misbahu, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Limamin garin, Malam Uwaisu, ya ɗaga hannu. Ya roƙi Allah ya tsare motar, ya yi wa mai ita albarka, ya ba kowa ɗa mai tuna wanda ya rene shi kamar Misbahu. Jama'a suna cewa amin, shi kuwa kowace amin ji yake kamar mari. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige.

Ba a shafa addu'a ba sai ga wata ƙaramar motar haya ta shigo ta hanyar da suka biyo. Ta fi tasa ta gida tsufa, ta fi ta zama ƙasa, an labta mata buhuna har da akuya a bayanta. Ta tsaya kusa da jif ɗin abinta, fasinjoji suka sauko.

Wata maƙwabciyar Iya, Zaituna, wadda ba ta iya ɓoye abin da ke ranta, ta ce, "Ikon Allah. Ita kuma wannan kullum sai ta shigo, yashin bai taɓa hana ta ba."

Iya ce ta amsa.

"Ke Zaituna, wannan ai ta saba wahala. Ta Misbahu 'yar birni ce, ba a yi ta don nan ba."

Aka yi dariya, magana ta wuce. Iya ta sa aka ɗaura masa ƙuli-ƙuli a leda, tana ba shi haƙuri wai bai sanar ba balle ta yi girki.

Suka kama hanyar dawowa har suka hau kwalta. Can Kamilu ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, mota ta yi?"

"Mota ba ta da laifi."

"Ni tawa tsohuwar ta rasu bara," in ji Kamilu, yana kallon taga.

Misbahu ya sayi jif ɗin a ranar, ko tayi bai yi ba. Amma ya ajiye ta a ƙofar gida ya kasa hawa. Abokai suka kira shi zuwa hoto a kan dutse, ya ce ba ya jin daɗi. In ya tuna hannun Iya a kan tayar nan sai abinci ya fita ransa. Zai iya yin shiru, gari ya ci gaba da yabonsa, Iya ta ci gaba da alfahari da ƙarya. Abin da ya hana shi sukuni ke nan.

Ranar Asabar ya ce wa Raihana ta shirya su je gida. Ta nufi jif, ya ce a'a, ƙaramar za su hau.

"Wadda ba ta iya yashi?"

"Ita."

Suka tafi. Sau ɗaya cikin motar ya ɗan gogi ƙasa a kwari, shi ke nan. Ta kai su har ƙofar Iya lafiya ƙalau.

Iya ta fito tana lalube. Ta miƙa hannu sama inda take zaton gaban mota, ta ji iska. Ta sauke hannun a hankali har ya sauka kan ƙaramar motar. Misbahu ya zube a gabanta.

"Iya, wannan ce tsohuwar motata. Ba hanya ce ta hana ni zuwa ba, ni ne ban zo ba. Ranar nan ma ba wajenki na nufo ba, gwajin mota na fito. Ki yafe mini."

Ta amsa masa, hannunta yana kan motar.

"Na sani, ɗan nan. Idona ne ya tafi, kunnena yana nan. Kullum ina jin ƙananan motoci suna shigowa, ina cewa ko taka ce."

"To me ya sa kike kare ni a gaban mutane?"

"Ni na goya ka. In ban rufa maka asiri ba, wa zai rufa?"

Misbahu ya fashe da kuka, babban mutum da shi, hularsa a ƙasa. Iya ta sunkuya ta lalubo hular, ta kakkaɓe ta, ta ɗora masa a ka. Ta rage murya.

"Tashi mu shiga ciki, kada Zaituna ta gan ka a haka."

Jif ɗin nan ba ta taɓa hawa dutse an ɗauki hoto ba. Ita ta kai Iya wajen likitan ido a Dutse, kuma da damina, in kwari ya cika, ita ke fito da marasa lafiyar garin. Har yau in aka yabi Misbahu a kan motar, sai ya sunkuyar da kai ya canza magana.

Darasi: Uzurin da kake ba wanda ya rene ka, kada ka ɗauka ya ruɗe shi. Sau da yawa ya san gaskiya, ƙauna ce ta sa yake rufa maka asiri. Kada ka jira babbar mota ko lokacin da ya dace, ka je da abin da kake da shi tun suna raye. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wata Iya da ke kasa kunne tana jiran ƙarar motar wani a cikinmu.