Ranar da Kwamfuta Ta Tona Baƙin Gilashi

Jama'a, ku ɗan tsaya ku karanta. Akwai wani mawaƙi da ake kira Baƙin Gilashi, don ko a cikin ɗaki ba ya cire shi. Ya yi tashe har samari suka koma sa irin gilashinsa, suna kwaikwayon tafiyarsa.

Sai dai yana da sirri. Mai situdiyo ne ke goge masa murya a kwamfuta har ta yi siriri, ta yi zaƙi. A dandamali kunna waƙar kawai ake yi, shi kuwa gogan sai motsa baki. Shekara biyu bai rera baiti ɗaya a gaban mutane ba, kuma kullum zai hau dandamali a tsorace yake, kada asiri ya tonu.

Mahaifiyarsa in an kunna waƙarsa sai ta ce, "Ku rage min, ni ban san wannan yaron ba."

Yayarsa kuwa, wadda ta koya masa waƙa suna wanke-wanke, ya hana masu gadi barinta ta zo bayan dandamali. Wai tana kiransa Auta a gaban mutane, tana zubar masa da aji.

Wata Asabar da yamma ɗakin taro ya cika maƙil. Ana tsakiyar waƙa ta biyu kwamfuta ta mutu. Sauti ya ɗauke, bakinsa bai daina motsi ba, kuma kowa ya gani.

Mai kula da sauti ya raɗa masa, "Oga, ta ƙi tashi. Ka yi da bakinka."

Ya ce, "Da wane bakin?"

Gumi ya karyo masa. Wayoyi sun yi sama ana ɗauka. Wani daga baya ya ce, "Ashe hoto muka zo kallo."

Sai wata mace ta miƙe a layi na uku. Yayar nan ce, ta shigo ta ƙofar kowa da kowa. Ta ja baitin da ya tsaya, sannan ta ce, "Auta, kama daga nan."

Gumi ya rufe gilashin, dole ya cire. Ya buɗe baki, muryar ta fito da kaushi, tana karkarwa. Wasu suka yi tsaki suka fita. Waɗanda suka rage suka riƙa tafa masa har ya kai ƙarshe.

Da ya sauko ya kasa haɗa ido da ita. Ta ce, "Ka kauce wa karin waƙar sau biyu, amma dai kai ne."

Washegari bidiyon ya zaga ko'ina, ana ta zolaya. Yayar ta kunna shi a tsakar gida. Mahaifiyar ta leƙo daga kicin, hannunta duk kumfa, ta ce, "Yaushe Auta ya shigo?"

Darasi: Duk kwalliyar da za ka yi wa duniya, kada ka jefar da muryarka ta gaskiya, kada kuma ka rufe ƙofa ga wanda ya san ka kafin tafi. Ku tura wa masu son haskawa su gani.