Ingunn da Tsohon Mai Shafa Kaki

Akwai wata mata a wani ƙauye cikin kwarin Østerdalen na ƙasar Norway, sunanta Ingunn Bråten. Sana'arta tseren dogon zango a kan dusar ƙanƙara. A ɗaura katakan zamiya biyu a ƙafa, a riƙe sanduna biyu, a hau tudu a gangara har kilomita talatin. Mabiya wannan shafi, ku gyara zama, don ni kaina labarin nan sai da ya sa ni ƙwalla.

Duk wanda ya taɓa wannan tsere ya san ƙarfin ƙafa rabin aiki ne. Sauran rabin yana ƙarƙashin katako, a kakin da aka shafa masa, wani abu mai kama da kakin zuma. In aka dace, katako ya kama a hawa, ya sulale a gangara. In aka kuskure, ko dai ka yi ta santsi baya, ko dusar ta manne maka a ƙasa ka koma tafiya kamar mai jan buhu.

Tun Ingunn tana 'yar shekara shida mutum ɗaya ke shafa mata kaki. Sunansa Oddvar Nystuen, direban motar kwasar madara, wanda duk ƙarshen mako yake yi wa 'yan wasan ƙauyen wannan aiki kyauta. Shi ba ruwansa da na'ura. Sai ya cire safar hannu, ya damƙi dusar, ya matse ta, wani lokaci har ya ɗora a harshe.

"Kai Oddvar, ba ka karya kumallo ba ne?" Ingunn takan tsokane shi.

"Ke dai miƙo katako, sarkin surutu," yakan ce.

Yarinya ta girma, ta yi ƙafa. Tana shekara ashirin da uku aka ɗauke ta ƙungiyar ƙasa. Can kuwa akwai babbar mota shaƙe da kaki iri ɗari, da ƙwararru takwas, da kwamfuta mai auna sanyi. Ta ci lambobi, hotonta ya hau jarida, kai kuma ya fara kumbura. Abin da ke samun mutane da yawa ke nan, ba ita kaɗai ba.

Wata rana ana shirin wani babban tsere, Oddvar ya tuƙo mota awa biyar don ya kalle ta. Ya tsaya bayan shinge da jakar kofinsa, ya ɗaga murya.

"Ingunn! Ki ce musu su ƙara kaki a tsakiya, dusar nan za ta jiƙe kafin azahar!"

Abokan wasanta suna tsaye. Ɗaya ta tambaya, "Wane ne wannan?"

Ingunn ta yi dariya, ta ce, "Wani tsohon ƙauyenmu ne, mai ɗanɗana ƙanƙara da harshe." Ta juya gare shi. "Oddvar, zamanin lasa ya wuce. Je ka sha kofinka, a bar wa masana aikinsu."

Aka bushe da dariya. Tsohon ya tsaya har aka gama tseren, ya tafa mata, ya hau motarsa ya koma gida.

Shekaru suka shuɗe tana tashe. Sai wani hunturu mura mai zazzaɓi ta kama ta ana saura wata ɗaya a yi gasar duniya. Kowane ɗan tsere ya san doka: in akwai zazzaɓi, a kwanta. Ingunn ta ce ita ba za ta yi asarar mako guda ba. Ta ɓoye wa kocinta, ta ci gaba da atisaye awa huɗu kullum. Rana ta tara ta yanke jiki ta faɗi a kan hanya.

Likita ya ce zuciyarta ta kumbura. Babu gudu, babu hawan tudu, sai abin da hali ya yi. Aka ba wata gurbinta a ƙungiya, don tsere ba ya jiran kowa. Makon farko wayarta ba ta huta ba. Wata na uku kuwa, in ta yi ƙara, to mahaifiyarta ce.

Ta tattara ta koma ƙauye. Shekara guda ko matakalar bene ba ta hawa sai ta huta a tsakiya. Ta yi kuka har ta gaji. Abin da ya fi damunta shi ne haɗuwa da Oddvar, don haka in ta hango motarsa a bakin kanti sai ta canza hanya.

Hunturu na biyu likita ya ce ta fara zamiya a hankali, a shimfiɗaɗɗen wuri, minti ashirin kacal. Mahaifiyarta ta faɗa wa maƙwabta, labari ya zaga. Washegari da safe Ingunn ta leƙa taga, sai ga layin zamiya sabo fil a gonar bayan gidansu, zagayen kilomita ɗaya, babu tudu ko ɗaya. A jikin shinge an jingine tsofaffin katakanta, an shafe su tsaf.

Haka aka yi ta yi kullum. Rana ta biyar ta tare Oddvar yana shirin tayar da babur ɗinsa na kan dusa.

"Oddvar, tsaya don Allah. Abin da na faɗa maka ranar nan a gaban mutane..."

"Wace rana? Ni tsoho ne, ko abin da na ci jiya ban tuna ba."

"Ka tuna mana. Na ci mutuncinka, kuma ban taɓa ba ka haƙuri ba. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana gyara hularsa. Sannan ya ce, "Ya yi ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ya wuce. Yanzu ki daina tsayuwa cikin sanyi, minti ashirin aka ba ki, kin cinye biyar a surutu."

Daga minti ashirin aka koma awa. Daga gona aka koma tudu. Bayan shekara biyu likita ya sake auna ta, ya ce zuciya ta koma daidai. Lokacin tana shekara talatin da ɗaya. Gasar ƙasa ta kilomita talatin ta matso, kuma an sanar cewa waɗanda suka zo cikin ukun farko su za a kira ƙungiya. Ingunn ta faɗa wa kowa gaskiya: in ba ta shiga ukun nan ba, ta ajiye tsere ke nan har abada.

Ba ta da babbar mota, ba ta da ƙwararru. Oddvar take da shi, mai shekara saba'in da huɗu, da matarsa Borghild mai ɗauke da kofi da waina da cuku mai ruwan ƙasa.

Ranar tsere ma'aunin sanyi ya tsaya cak a kan sifiri, yanayin da duk mai shafa kaki ke tsoro. Layin ya daskare, yana ƙyalli. Kowace ƙungiya ta shafa kaki mai danƙo, wanda ke kama ƙanƙara. Ingunn ta iso rumfarsu ba ta tarar da Oddvar ba.

"Ina ya shiga, Borghild?"

"Oho masa! Tun da gari ya waye ya fice. Kin san halinsa."

Saura awa ɗaya sai ga shi, fuska ta yi fari, hannun hagu cikin aljihu. Ya ce wa matarsa ta riƙe masa katakon. Bai taɓa kaki ko ɗaya ba. Samfefa ya ɗauko, takardar nan mai kaushi ta kafintoci, ya hau goge tsakiyar katakon da hannu ɗaya.

Ingunn ta san dabarar, a sa katako ya yi kaushi ya kama ba tare da kaki ba, amma ba ta aiki sai in sabuwar dusa mai laima tana zuba. Ga sama kuwa garau.

"Oddvar, kowa danƙo ya shafa. Kwamfutarsu ta ce babu dusa sai yamma."

"Kwamfutarsu tana nan ƙasa cikin ɗumi. Dusa za ta sauka a kan tudu kafin ki kai rabi. Da farko za ki sha wuya, kada ki karaya. Amma ƙafarki ce, tserenki ne. In kin ce danƙo, yanzu na shafa danƙo."

Maganar nan ta da, ta a bar wa masana aikinsu, ta zo mata baki. Ta dubi manyan motocin ƙungiyoyi, ta dubi tsohon. Ta haɗiye ta.

"Goge ɗayan," ta ce. "Me ya sami hannunka?"

"Sanyi ne. Tafi ki motsa jiki."

Aka harba bindiga. Kai, jama'a, kilomita goman farko Ingunn ta ga ta kanta. Duk tudun da ta taka sai santsi, da ƙarfin hannu kawai take hawa. Ta koma ta goma, ta koma ta ashirin da biyu. Hawaye yana daskarewa a kumatunta, tana cewa a ranta, shi ke nan, na kashe kaina da kaina.

A kilomita na goma sha uku, can saman tudu, wani abu mai sanyi ya sauka mata a hanci. Kafin ta ɗaga kai sama ta rufe. Dusa ta kece, manya-manya, jiƙaƙƙiya.

Nan take labari ya sauya. Masu danƙo dusar ta manne musu dunƙule-dunƙule. Wannan ta tsaya tana kankarewa da sanda, waccan tana buga katako a jikin bishiya tana zage-zage. Ingunn kuwa ta taka, katako ya kama. Ta sake takawa, ya kama. Ta shiga wuce su ɗaya bayan ɗaya, 'yan kallo suna kaɗa ƙararrawar shanu suna kiran sunanta.

Biyu sun riga sun yi mata nisa. Amma a mita ɗarin ƙarshe ta kamo ta uku, suka jera, Ingunn ta miƙa ƙafa ta riga ta tsallake layi da tsawon tafin hannu. Ta zube a ƙasa tana haki tana dariya.

Da ta miƙe, Oddvar ta fara nema. Borghild ce kaɗai a bakin shinge, ido jawur.

"Yana rumfar masu agaji. Mutumin nan zai kashe ni! Ashe da safen nan katako ya ɗaura, ya hau har saman tudun, kilomita shida, wai sai ya ga sararin yamma da idonsa. A gangarowa ya faɗi, wuyan hannunsa ya karye. Ya hana ni faɗa miki, wai kada hankalinki ya rabu."

Ingunn ba ta jira bikin ba da lamba ba. Da lambar tsere a ƙirjinta ta ruga rumfar. Ta same shi zaune cikin bargo, an ɗaure hannun, yana faɗa da ma'aikaciyar jinya wai a ƙara masa sautin rediyo.

Ta durƙusa gabansa, ta riƙe hannun mai lafiya, ta fashe da kuka.

"Haba, mene ne na kuka kuma?" ya ce. "Ni tambaya ɗaya gare ni. Ya kama a hawa?"

"Ya kama, Oddvar. Ya kama. Na gode, na gode."

Tsohon ya lumshe ido, ya jingina da bango, ya ce wa ma'aikaciyar, "To, yanzu ku kai ni asibitin."

Darasi: Kada ɗaukaka ta sa ka raina wanda ya fara ɗora ka a hanya. Masu tafa maka ranar nasara suna da yawa, amma mai tsaya maka ranar da ka faɗi sau da yawa shi ne wanda ka taɓa yi wa dariya. In akwai irin wannan mutum a rayuwarka, neme shi yau ka ba shi haƙuri, ka gode masa tun yana raye. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya tuna da nasa Oddvar ɗin.